Tsayawa Cikin Rairayi

Dakoro, 1954

Zuwa ga Yaya Abarci, a Maraɗi.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Bayan haka, Elhaji Attaher mai kamiyon da nake tuƙawa ya ce ina shan mai kamar raƙumin rani. In ganga guda ba ta kai ni Maraɗi ta maido ni ba, zai karɓi makulli. Kai da ka tsufa a kan sitiyari, me zan yi?

Ƙanenka, Rabo.

Rabo,

Muna lafiya. Sauya tayoyin nan masu tsini, ka sa masu faɗi. Rage musu iska cikin rairayi, ka ƙara in ka hau tsandauri. Tashi da sanyin safiya, kada ka taka mota kamar kana kashe kunama. Babban ciwonka kuwa na san shi: gaisuwa. Kowa ka gani sai ka tsaya tambayar gida da garke. Tashi daga rairayi shi ke cinye mai. Kada ka tsaya wa kowa.

Abarci.

Yaya,

Bayan gaisuwa, na bi maganarka. Mai ya isa har da saura, Elhaji ya sa mini albarka. Sai dai ranar kasuwa, cikin rairayin Ɗan Gulbi, surukina Baba Kalla ya ɗaga mini sanda. Na ɗaga masa hannu na wuce, a gaban jama'a. Jiya ya aiko an tafi da matata Safi. Ya ce wanda bai san shi a hanya ba, bai san ɗiyarsa a ɗaki ba. Raina a ɓace yake ƙwarai.

Rabo.

Rabo,

Kai wane irin mutum ne? Da na ce kowa, har da suruki? Ka tara dattawa a ba shi haƙuri. Mota kuwa ka bar ta inda take, man mutane ne.

Abarci.

Yaya,

Ina gaisuwa. Da mota aka yi laifin, da ita na je. Na tsaya a ƙofar gidansa, na kashe inji, na durƙusa. Da za mu taso da Safi, motar ta kafe cikin rairayi. Baba Kalla da kansa ya tuɓe rawani ya tura, yana zagina, har mai ya ƙare. Kamiyo na can. Elhaji bai ji ba tukuna.

Safi tana gaishe ka, ga ta nan tana dama mini fura.

Rabo.