Zarnin da Aka Ɗora wa Baba

Dutse, Talata, sha ɗaya ga Rajab.

Zuwa ga ƙanena Idirisu, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da lafiyar da za ka karanta ta har ƙarshe. Mu nan da sauran numfashi. Ƙafar Inna Iyatu ta yi sauƙi, geron gonar hanyar Kiyawa ya yi kyau, akuyarka ta haifi biyu. Labarin daɗin ke nan, ya ƙare. Da hannuna na rubuta da ajami, don ban yarda wani ya ji abin kunyar gidanmu ba.

Ka san firjin kananzir ɗin nan na gidan Bature mai awon gyaɗa, inda Baba yake kuku shekara tara, kai kuma ka yi aikin boyi kafin ka tattara ka tafi haƙar kuza ko sallama babu. To, kwana goma da tafiyarka ƙanƙara ta daina kamawa, nama ya soma lalacewa, ɗakin ajiya ya gauraye da zarni mai hawa kai kamar makewayin da ba a wankewa. Uwargidan Bature ta toshe hanci, ta dubi tsoho, ta ce shi ne, wai tsufa ya sa ba ya iya riƙe fitsari. A gaban leburori ta faɗa, tafinta kuma ya juya da Hausa da ƙarfi don kada wani ya rasa. Baba fa, Idirisu! Mutumin da tun muna yara ba mu taɓa ganin ya zauna babu alwala ba.

Kafin Juma'a magana ta isa masallacin unguwa, inda ya shekara ashirin yana jan salla. Sahu ya dinga raguwa, har wani dattijo ya zo zaure yana ta kame-kame, wai mai yoyon fitsari bai kamata ya ja masu lafiya ba, gara Malam Mailafiya, wato Baba, ya huta. Baba ya yi masa godiya, ya koma sahun baya. Ranar nan na kai masa fura, na tarar da shi ya cire rigarsa yana sansanawa. Shi kansa ya fara zargin kansa. Wallahi da kana kusa a lokacin, da muciya zan sauke maka.

Ana nan Bature ya aika Kano aka zo da wani bakanike, Malam Ashafa, wanda ya koyi aikin a soja, cikin waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama. Maigidana Malam Sani na cikin waɗanda suka ciccibo firjin zuwa gindin maina, shi ya kwashe mini komai. Ya ce mutumin bai yi garaje ba. Ya fara duba lagwani, ya ga wuta shuɗiya tana ci daidai, ya share bututun hayaƙi, ya ɗora kwanon ruwa a sama ya ga firjin bai karkace ba. Sannan ya ce saura abu ɗaya: iskar da ke zagaya cikin bututun tana kawo sanyi, ita ce ke tsiyayewa, kuma warinta sak na fitsari ne. Uwargida ta taɓe baki. Sai ya narka farar wuta a kan tsinke, ya kunna, ya bi bututun da shi a hankali, gaɓa gaɓa, tun daga baya. Shiru. Yana kaiwa cikin akwatin ƙanƙara, sai farin hayaƙi ya turnuƙe, kowa ya ja da baya yana tari.

A nan ya ga wani abu an manna a lungu. Ya kankare, ashe kakin zuma ne. Ya shafa ruwan sabulu, wurin ya yi ta kumfa. A ƙarƙashin kakin kuwa, ga tsinin wuƙa ya karye ya maƙale a jikin bututu. Malam Ashafa ya ce wani mai gaggawa ne ya kafa wuƙa yana dukanta don ya ɓamɓaro ƙanƙara, maimakon ya kashe wuta ta narke da kanta, da ya ga ya yi ɓarna ya liƙe ya yi gum. Bature ya tambayi mai wuƙar. Baba ya karɓi tsinin, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya daɗe, sannan ya ce shi ne kuku, duk wuƙar da ke gidan a hannunsa take. A take aka sallame shi. Uwargida kuwa ko kallonsa ba ta yi ba, balle ta ba shi haƙuri.

Ni ban yarda ba. Na ɗauke tsinin daga aljihunsa, na shiga ɗakinka na birkice shi, na zaro wuƙa a soke cikin jinka, wadda Baba ya sa maƙerin Garki ya ƙera maka ranar da ka fara aiki. Na gwada, ya zauna daram. Tir da halinka, Idirisu. Kuskure kowa na yi, amma ka shafa kaki ka hau mota ka bar tsoho da wari?

Ga inda ake yanzu. A masallaci cewa suke ai Bature bai kore shi a banza ba. Malam Sani ya yi bayani, suka ce suruki dole ya kare surukinsa. Baba kuwa ya ƙi buɗe baki, don ya san in aka bi maganar wuƙa, a kanka za ta tsaya. Azumi saura wata biyu babu kaɗan, kuma an riga an fara shawarar wanda zai ja asham a madadinsa. Ko ka zo da ƙafarka, ko ka rubuto da hannunka abin da za a karanta a ƙofar masallaci. In watan azumi ya kama Baba yana sahun baya, kada ka ƙara kirana Yaya.

Ka gai da matarka Rabi'atu, ita ba ta yi mini komai ba. Ka gai da Kawu Jaji, in kana da idon gaya masa. Tsinin wuƙarka na naɗe a ƙyalle cikin takardar nan, kubenta da sauran ƙarfen suna wurina. Baba bai san abin da na rubuta ba. Da ya ga ina naɗe takarda, cewa ya yi in gaya maka Jos akwai sanyi, ka riƙa rufe ƙirjinka.

Yayarka,
Zinariya