Askin da Ya Tare Saƙo

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, yaya ƙiriniyar yara? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kaina a ƙasa yake. Na ɗaga waya in kira ki, bakina ya ƙi, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san inda muke fasa dutse babu sabis. Kamfani ya sa wa kowace tifa wani ɗan akwati mai faɗin inda take. In direba ya tura saƙo ofis, akwatinsa sai ya duba motocin da ke kusa, ya miƙa wa wadda ta fi kusa da ofis, ita ma ta miƙa gaba, kamar masu miƙa bokiti a gobara. Duk abin a kan gaskiya ya tsaya.

Ranar Talata ni ne mai jiran ko-ta-kwana a bakin get ɗin ofis. Na dubi madubin mota, na ga sumata kamar sheƙar tsuntsu, ga shi Asabar zan zo gida. Akwai dabarar da direbobi suka sani: in ka zare wata siririyar waya, akwatin sai ya ci gaba da cewa kana inda ya gan ka ƙarshe. Na zare, na ja mota zuwa rumfar mai aski a bayan tudu.

Ina zaune an ɗaura mini ƙyalle a wuya, ashe birki ya tsinke wa aminina Mai Gemu a gangare, ƙafarsa ta maƙale a cikin motar. Ya tura saƙo. Mota ta miƙa wa mota har ya zo kaina, tunda akwatina yana rantsuwa ni ne a ƙofar ofis. Daga bayan tudu kuwa akwatin ba ya jiyo ofis. Nan saƙon ya kwanta, ni kuma ina cewa a gyara mini gefen kunne.

Sai da wata mota ta iske Mai Gemu ta koma ofis da labari. Jiya injiniyar da ta haɗa akwatunan ta nuna mana hanyar da saƙon ya bi a allo. Layin ya zo kan lambar motata ya tsaya cak. Ba ta kira sunana ba, ba ta ma dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ki gaishe da kowa.

Naki,
Baban yara

Uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa, na samu na je asibiti duba Mai Gemu. Likita ya ce ƙafar za ta tsira, amma da wuya ta sake taka kuloci. Da ita yake ci da iyalinsa.

Na tsaya bakin gado ina neman ta inda zan fara, sai ya riga ni. Wai da akwatinsa ya nuna masa saƙon ya shiga hannuna, sai ya daina ihu, ya jingina kai, don ya san taimako na tafe. Har yanzu ɗauka yake na'ura ce ta lalace, kuma babu wanda ya iya gaya masa gaskiya. Gobe zan koma in gaya masa da bakina, ki taya ni addu'a.

Ina nan tafe Asabar. Don Allah in kin ga kaina, kada ki yaba askin.

Mijinki,
Baban yara