Kujerun Aro Sun Hana Mu Tallafi

Anti, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana, domin da hannuna na jawo mana.

Maigidana mai walda ne, shekara goma sha bakwai a kamfanin ƙera ƙofofi da tagogi. Duk wata ana yankar masa kuɗin inshorar ma'aikata, yana mita, ina dariya. Bara idonsa ya fara hazo. Yanzu ko ni sai na yi magana yake sanin inda nake tsaye. Inshora tana biyansa kuɗin jinya, amma na wata shida ne, ƙarshen watan nan zai tsaya. Sun ce in ana so a ci gaba, sai ya je likitansu ya rubuta cewa ya nakasa, shi kuma ya sa hannu. Ya ƙi. Ya ce shi ba nakasasshe ba ne, hutu yake yi. Kullum da safe sai ya lalubo takalmin aikinsa ya goge ya ajiye a bakin ƙofa. Wallahi ba na iya kallo.

Da na ga haka sai na je ofishin tallafin masu ƙaramin ƙarfi na cike takarda. Suka ce za a turo ma'aikaciya ta ga gidan. To Anti, ni haka aka raine ni, baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Kujerunmu tun watan jiya muka sayar, a kan bokitin fenti nake zama. Sai na shiga wajen maƙwabciyata na aro kujeru uku da labule da kafet, har da fankar tsaye. Na sayi lemon kwalba da kuɗin cefane. Maigida ya sa kayansa masu kyau da baƙin tabarau, ya harɗe ƙafa kamar manaja. Da matar ta tambayi aikinsa, ya ce mata wata mai zuwa zai koma. Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Ta yaba labulen ma kafin ta tafi.

Bayan sati biyu takarda ta zo: ba mu cancanta ba, gida yana da abin hannu kuma mai shi yana da aiki. Kujerun kuwa tun yammacin ranar da ta zo suka koma gidansu.

Yanzu ƙanwar mijina ta ce ai dama wanda ke cin inshora ba a ba shi tallafi, in daina wahalar da kaina. 'Ya'yanmu uku. Ina ɗan yin wankau, bai kai ko na haya ba. Daga ƙarshen wata babu sisin da zai shigo ɗakin nan. Na gaji, Anti. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na fi jin haushin kaina. Ban ga ƙofa ko ɗaya ba.

Matar mai walda

*

'Yar'uwa, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan yi miki faɗa a kan kujeru ba. Tarbiyya ce ta yi aikinta a inda ba a neme ta ba. Sai dai wannan mata ba baƙuwa ba ce, ta zo ne ta ga abin da kika ɓoye, kuma abin da aka nuna mata ta rubuta.

Ƙanwar mijinki ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Inshora gumin mijinki ne, abin da aka yanka a albashinsa shekara goma sha bakwai. Ba ta tambayar kujera nawa gare ku, abin da ya zuba da abin da likita ya gani take dubawa. Tallafi kuwa ba ruwansa da abin da kuka taɓa zubawa, abin da ke shigowa gida yau yake aunawa da bakunan da ke ci. A yawancin tsare-tsare ana fara karɓar haƙƙin inshora, in bai kai ba sai tallafi ya cike giɓin. Tallafin yana iya raguwa saboda inshorar, amma ba lallai a hana shi ba. Ki tambayi ofishin da bakinki yadda nasu yake.

Gobe ki duba takardar da suka aiko, galibi akwai wa'adin neman a sake dubawa, kada ya wuce ki. Ki je ki faɗi gaskiya tsaf, cewa kayan na aro ne. Ki tafi da takardun asibiti da na inshora mai nuna ranar da kuɗin zai tsaya, in maƙwabciyarki za ta raka ki ma ya fi. Za ki ji kunya, kuma ba zan yi miki alkawarin kuɗi kafin ƙarshen wata ba. Watan gobe zai yi tsanani, ki fara yi wa mai gidan haya bayani tun yanzu.

Shi kuma maigida, ki bi shi a hankali. Mutumin da ke goge takalmi kullum ya san abin da ya same shi, faɗar ce ta yi masa nauyi. Kada ki kira masa kalmar nakasa. Ki samo tsohon abokin aikinsa da yake jin maganarsa, ya nuna masa cewa ba sadaka zai karɓa ba, kuɗinsa ne da ya yi ta mita a kansu. Amma shi ma ya sani, kin rufa masa asiri har rufin asirin ya ci abincin yara, yanzu saura nasa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sassauta muku. Ranar da ma'aikaciyar ta dawo, kada ki ari ko tsintsiya. Ki goge bokitin fentin nan ki ba ta ta zauna.

Antinku