Bandar Inna ta iso

Liège, Nuwamba 2011

Hamma Hayatu,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya Ramatu da jariri? Ni lafiya lau, sai ɗan tari da sanyi ya kawo, bai kai a faɗa wa Inna ba. Rana a nan kamar an yafa mata mayafi. Nakan zauna a ɗakin gwaji ina ganin tafkinmu na Pitowa a idona: ruwa kore shar, balbelu a gaɓa, tarwada na tasowa a hankali in ka watsa dusa.

Bandar da Inna ta aiko ta iso. Na ɗauki kifi guda na auna a ɗakin gwaji, don kawai in nuna wa malamata kifin garinmu. Malamar ta daɗe tana duban sakamakon, sannan ta ce, "Karimatu, akwai gonar auduga kusa da ku?"

Hamma, maganin feshin auduga ne. Ruwan sama ke wanko shi cikin tafkin, ya kwanta a laka shekara da shekaru, ya taru a kitsen kifi. Wanki ba ya fitar da shi, wuta ma haka.

Don Allah ku daina ci, musamman Ramatu da ke shayarwa. Kada kuma ka kai kasuwar Garwa. Na san tafkin nan ne cinmu da shanmu, shi ya sa na daɗe ina juya alƙalami kafin in rubuto maka wannan.

Inna kuwa, bi ta a hankali. Fara da ce mata na kwance ƙullin na yi ta shaƙar ƙamshin, har na ji kamar tana kirana daga madafa.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Karimatu