Ƙofar Dutse a Gonar Baba

Zuwa ga ƙanwata Nuala,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Declan da yara can Ostareliya. Mu nan ƙalau muke, in ban da gwiwar matata Assumpta da ke tashi duk ran da aka yi ruwa, ruwa kuwa kin san halinsa a nan yankinmu na Leitrim.

Nuala, ki zauna kafin ki ci gaba. Ƙaramar hukuma ta ƙi ƙara mini wa'adin izinin gidaje shidan da nake ginawa a gonar Baba. Ni Fintan, da na fara da baro ɗaya da shebur, shekara talatin ba a taɓa ce mini a'a ba! Izinin na shekara biyar ne, saura kaɗan ya ƙare muka haɗu da Kansila Malachy wurin jana'izar Kawu. Ya riƙe hannuna, ya ce tsohon biri irina ba ya faɗuwa a bishiya, in bar masa komai. Kin san a nan magana a bakin kabari ta fi hatimi. Sai na saki jiki, maimakon in ɗora rufi, na ƙarar da bazara ina gina ƙofar dutse da sunan Baba a kai.

Jami'ar tsara gari ta zo, yarinya ce sa'ar 'yata. Ta zagaya harsashin ginin, ta yaba ƙofar, sannan ta ce doka ta bar wa ofishinsu ya auna ko aiki ya yi nisa kafin a ƙara wa'adi, kuma ba a kwana a ƙofa. Na ambaci Malachy, ta ce ba shi da ta cewa. Assumpta kuwa cewa ta yi sai in shimfiɗa mata katifa a gindin ƙofar, tunda ita na gama.

Dole in nemi izini sabo, ga shi yanzu sun sa gefen kogi cikin yankin ambaliya. Gida na shida, naki, wanda kika zaɓa don tagarsa tana kallon ruwa, shi ne ba zai tashi ba. Da na sani ƙeya ce. Kada ki ajiye aikinki, kada ki ɗaure kaya.

Ki gaishe da Declan, da Orla, da autanki Cathal. Inna Bríd tana gaishe ki, kullum sai ta tambayi ranar dawowarki. Har yau na kasa gaya mata.

Yayanki,
Fintan