Kwanon Yara Ɗaya Ne a Gidanmu, Ɗana Kuma Yana Ta Ramewa

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan gurup. Admin don Allah ki ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan unguwarmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, rashin wanda zan zauna in faɗa wa ne ya sa na zube muku shi duka.

Ni 'yar Madawa ce ta Nijar, aure ne ya kawo ni Zangon Wagadugu. Mijina direban kamiyo ne, babbar motar kaya, hanyar Lome yake yi, kwanakin da yake yi a hanya sun fi waɗanda yake yi a gida. Muna zaune a gidan da ya tashi, gidan Inna. Inna ba ita ta haife shi ba, matar baffansa ce, iyayensa sun rasu yana ƙarami aka kawo mata shi ta haɗa da nata ta riƙe. Kuma wallahi ba zan yi mata ƙarya ba, matar nan ba ta taɓa yi min ko kallon banza ba, da na haihu ita ta yi min wankan jego da hannunta tunda uwata tana nesa. Sunan marigayi mijinta aka sa wa ɗana, shi ya sa kowa Baba Ƙarami yake ce masa, ita kuma "mijina" take kiransa tana tsokanarsa wai bai kawo cefane ba.

To gidan nan akwai doka ɗaya da ba a taɓawa, duk yaron da ya fara tafiya a kwano ɗaya zai ci da sauran yara. Wani babban kwano ne mai faɗi, duk ya lotsa, tun mijina yana yaro da shi ake amfani. Inna ta kafa dokar ne tun lokacin da ta haɗa marayu da 'ya'yanta, ta ce a gidanta ba yaron da zai ci wani yana kallo, kuma ba wanda zai leƙa ya gane wane ne ɗan gida wane ne ɗan riƙo. Duk Zango an san ta da wannan, har misali ake yi da ita.

Baba Ƙarami yanzu shekararsa ɗaya da rabi da 'yan kai, yana shan nono har yanzu amma kun san nono kaɗai ba ya riƙe yaro kamar wannan. Da ya fara tafiya aka zaunar da shi bakin kwano cikin jikokin Inna, wasu har sun shiga lakwal, wato makarantar boko. Su kuwa yaran nan in an ajiye tuwo ko benga, wake da shinkafar nan, kamar an busa musu usur, da zafinsa da yajinsa suke aunawa. Shi sai ya tsaya jiran ya huce, in ya samu ya gutsuro loma ɗaya sai ya riƙe ta a hannu yana kallon bakin kowa, kafin ya kai ta bakinsa an sha ruwa an watse. Ina gani daga bakin murhu amma ɗan fari ne, kun san kunyar da ake yi, in na matsa kusa sai matan 'yan'uwan mijina su fara dariya wai amarya ba ta da kara. Sai in koma in zauna kamar ba ni na haife shi ba.

Da damina ya yi zawo, yana tashi zazzaɓi ya kama shi, daga nan jikinsa bai sake komawa ba. Ya daina rigima, ya daina bin kaji, inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka tarar da shi. Mutanen gida kuma sai yabo, wai ba a taɓa yin yaro mai haƙuri irinsa ba. Ni ma da farko na ji daɗin yabon, sai da na lura wandon da ya matse shi da ƙaramar salla yanzu sai na ɗaure masa da igiya. Da na yi wa Inna maganar sama-sama ta ce, "Ɗiyata, gado ne, ubanshi ma haka ya tashi kamar sillen kara, ga shi yau yana juya kamiyo."

Ranar awo na kai shi likita. Madam ɗin da ke auna yara ta ɗora shi a sikeli, ta naɗa masa wani ɗan zare mai launi a dantse, sai na ga ta ɗago ta kalle ni. Ni ba Faransanci ba Mosanci, sai wata 'yar Zango da ke bayana a layi ce ta riƙa juya min maganar. Ta ce, "Tanti, wai kilonsa ya sauka sosai, zaren yana kan rawaya dab da ja, in ya shiga ja za su riƙe ku a nan. Wai da wa yake cin abinci?" Da na faɗa, madam ta girgiza kai ta ce a ware masa kwanonsa, in zauna da shi in ba shi da kaina sau da yawa a yini, kunu mai kauri da gyaɗa, ƙwai, kifi, ganyen zogale, kuma in dawo da shi. Na goya shi na taho a ƙasa, ban san hawaye nake yi ba sai da wata mai sayar da lemo ta yi min sannu.

Na kira mijina na faɗa masa komai. Ya ce in sayi duk abin da aka ce, amma kar in kuskura in taɓa maganar kwanon Inna. Ya ce, "Ke ba ki sani ba, ni kwanon nan ne ya sa ban san ni maraya ba ne sai da na yi wayo." Na ce to shi kuma ɗanka fa, ya ce in yi dabara irin ta mata. Kullum in abu ya fi ƙarfinsu sai su ce dabara irin ta mata.

Dabarar da na yi ita ce na je kasuwar Sankaryare na sayo ƙwai da busasshen kifi, na riƙa dafa masa a resho cikin ɗaki na saki labule. Amma ina ƙamshin ƙwai zai ɓuya a gidan da ɗakuna ke manne da juna? Ba a daɗe ba wata rana na ɗaga kai na ga ƙafafun yara jere a ƙarƙashin labule, sai ga Inna da kanta ta yi sallama ta shigo. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta kalli kwanon, ta kalli yaran da ke tsaye a ƙofa, ta ce tun da ta zo garin nan ba a taɓa cin abu a ɓoye a gidanta ba sai yau, ta ce da na faɗa mata abincinta bai ishe mu ba ai da ta ƙara awo. Na fara cewa Inna likita ne suka ce, ta ce likita nawa ne suka raini yaran da ta raina, ta juya ta fita.

Washegari ta aiko min da wani ɗan kwano mai murfi, sabo fil, ta ce na Baba Ƙarami ne, daga yau a riƙa zuba masa nasa daban tunda haka uwarsa take so. Tun ranar gidan ya yi min faɗi. Ba wanda ya zage ni, ana amsa gaisuwata, amma in na fito tsakar gida sai hira ta koma Mosanci, in na wuce da ɗan kwanon sai in ji ana cewa a ba patron hanya, wai ga oga nan. Inna ta daina ce masa mijina, sai dai "yaron nan". Ni da ma ba ƙawa gare ni a garin nan ba, hirar bakin murhun nan ita ce duk abin da nake da shi, yanzu ita ma babu. Ina jin kaɗaici irin wanda ban ji ba ko a satin da aka kawo ni.

Abin da ya fi ɗaga min hankali kuma, yanzu da na samu abin da nake nema, yaron ya ƙi ci. In na zaunar da shi a ɗaki sai ya datse baki ya kau da kai, in na matsa masa ya furzar. Amma da ya ji ƙarar an dire babban kwano a tsakar gida sai ya zame ya nufi ƙofa. Shekaranjiya na ƙyale shi ya tafi, ya je ya kutsa wurin zamansa na da, ba wanda ya kore shi, ya gutsuro lomarsa ya riƙe yana dariya, dariyar da na kwana biyu ban ji ba. Haka aka cinye aka tashi lomar tana hannunsa. A ɗaki akwai abinci ba ya ci, a waje yana so ya ci ba ya samu.

Mahaifiyata ta ce in taho da shi Madawa, amma kun san yadda hanya take yanzu ba tsaro, kuma mijina ya ce in na fita da yaro ba da yardar Inna ba to da shi na yi. Abu ɗaya ya rage da nake ta juyawa a raina. Tun da ya fara ramewa a ɗaki nake masa wanka, riga biyu nake sa masa saboda bakin mutane, Inna kuma idonta ya yi rauni, rabon da ta ɗauke shi tun kafin ramar nan ta yi nisa. Ba ta san ana ƙirga haƙarƙarinsa da ido ba. Ina so in kai shi ɗakinta in tuɓe masa riga in ɗora mata shi a cinya, in durƙusa in roƙe ta ta riƙa zama bakin kwano da kanta tana tare masa gefe ɗaya har ya ƙoshi, don ita kaɗai yaran ke tsoro. Amma ina tsoron ta ɗauka na zo nuna mata ne cewa kwanon da take alfahari da shi duk rayuwarta shi ya mai da takwaran mijinta haka. Tsohuwa ce mai hawan jini, in wani abu ya same ta a kaina zai ƙare.

Alhamis mai zuwa ne awo, kuma na san zaren nan ba zai jira mu shirya ba. Iyayena na gurup, musamman waɗanda suka zauna gidan yawa, in tuɓe masa rigar a gabanta ko in yi shiru in bari likita su riƙe mu ta ji daga bakin mutane? In akwai wadda ɗanta ya taɓa ƙin ci shi kaɗai, yaya kika yi? Yanzu haka da nake rubutun nan an dire kwanon rana a tsakar gida, yana tsaye ya riƙe labule yana waigena, kununsa kuma ya huce a gabana. In sake shi ya tafi ko in riƙe shi? Don Allah ku faɗa min.