Na Goge Mai Lamba Ashirin da Uku

Goggo mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, domin na kai inda ilimina ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Kada ki buga sunana. Mahaifina yana karanta jaridar nan tun daga shafin farko har tallan ƙarshe, filinki ne kawai yake tsallakewa, wai surutun mata ne. Ki yi haƙuri da shi, yau wannan rainin nasa ne ya ba ni bakin magana.

Aikina bincike ne. Shekara shida ke nan ina cikin wata ƙungiyar masu nazarin ƙwaƙwalwa, mu tara, ƙarƙashin wata Farfesa. Abin da muke bi shi ne yadda ido da hannu suke shawara da juna. Kofi zai faɗo daga tebur, kafin mutum ya yi tunani hannunsa ya riga ya cafe. To wa ya gaya wa hannun? Shi muke nema. A gida kuwa na ishi kowa. Ba a isa a zubar da ruwa a gabana ba sai na yi lacca. 'Ya'yana mata biyu, in ɗaya ta yi tuntuɓe, roƙona take yi kada in yi mata bayani.

Ga yadda gwajinmu yake. Mutum zai zauna a ɗaki mai duhu, ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan ƙarfe, ya kafe ido a kan ɗigo ɗaya a tsakiyar allo. Sai ɗan haske ya riƙa bayyana, wani lokaci dama, wani lokaci hagu, shi kuma ya miƙa yatsa ya taɓa. Ba ma ɗaukar fuska, hannu kawai kyamara take ɗauka. Ba ma rubuta suna, lamba ake ba kowa. Mai kula da na'urorinmu, wanda muke kira Mai Waya, shi ke zaunar da mutane ya raba lambobin, ni kuma sakamako ne yake zuwa mini a kwamfuta, don kada sanayya ta shiga lissafi. Ni ce ma na fi kowa tsanani a kan wannan doka.

Bana muka buƙaci waɗanda suka haura sittin, suka yi mana wuya. Sai na lallaɓi Baba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da tuƙi kafin ya ajiye aiki. Shi ya koya mini, kuma sau uku yana kayar da ni kafin ya bari in je neman lasisi, wai ina riƙe sitiyari kamar mai tankaɗe. Ya zo ranar da ba na nan, ya yi gwajinsa, ya dawo yana cewa wasan yara muke yi a ba mu albashi.

Da sakamako ya taru, mutum arba'in, kowa ya hau layi a jadawali sai mutum ɗaya, mai lamba ashirin da uku. A dama hannunsa kamar walƙiya, ya fi na matasa. A hagu kuwa, cikin haske sittin, tara kawai ya taɓa. Sauran ko motsi hannun bai yi ba. Goggo, me ƙwararriyarki ta yi? A wurinmu, in mutum ɗaya ya kauce wa sauran da nisa, akan cire shi don kada ya ɓata lissafi, a rubuta dalili. Na cire shi. Na rubuta cewa bai mai da hankali ba. A taron mako kuma na haska shi a bango, na ce wannan tsohon barci ya zo yi, ya samu ɗaki mai sanyi da duhu. Aka yi dariya, har Farfesa ta murmusa, ita da murmushinta sai an cika takarda. Na ji daɗin kaina ƙwarai ranar.

Ban tsaya nan ba. Ranar hutu muna cin abinci a gidan Baba na sake ba da labarin, har da kwaikwayon gyangyaɗi. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce irin waɗannan tsofaffin su ne suke ɓata wa direbobi suna, da shi ne hukuma da tuni ya karɓe lasisinsa.

Bayan mako uku Mai Waya ya ce in duba wasu bidiyoyin, yana zargin kyamara tana makara. Ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ina shan shayina, sai ga na ashirin da uku. Hannu ne mai ɗan ƙaramin yatsa a karkace, wanda ƙofar mota ta datse tun ina firamare. Ga agogo mai baƙin maɗauri da na saya masa da hannuna. Na zauna ina kallon hannun mahaifina a kwance a kan tebur, haske yana kunnuwa a hagunsa yana mutuwa, hannun yana jira cikin ladabi a ba shi aiki. Ba barci yake yi ba, Goggo. Bai ga hasken ba ne. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka har sai da wata ta ƙwanƙwasa.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Madubin motarsa na hagu sau biyu yana karyewa bana, ya ce masu babur ne, na taya shi zaginsu. Ya goga mota a ƙofar gareji, na ce ƙofar ce ta yi ƙunci, ƙofar da yake shiga shekara ashirin. Yana yawan buga kafaɗa a bakin ƙofar kicin. Maƙwabcinsa ya yi mini ƙorafi cewa ya ɗaga masa hannu, Baba ya share shi, na ce ai Baba akwai tunani tun rasuwar Mama. Duk a gabana aka yi, ni da ake gayyata taro in yi magana a kan yadda ido yake jagorantar hannu.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Baba ne yake kai 'ya'yana makaranta kullum. Maigidana aiki ya kai shi nesa, ni kuma ƙarfe bakwai nake shiga ofis, a can wani ɓangaren gari. Tun da Mama ta rasu, wannan kai yaran shi ne abin da yake tayar da shi da safe. Yana goge rigarsa, ya goge gilashin mota, shida da rabi yana ƙofata yana danna ham sau biyu.

Yau kwana tara da na gane, kuma ga jarumtar da na nuna. Ranar farko na ce ana neman iyaye a makaranta, ni zan kai yaran. Ta biyu na ce ba a gama taron ba. Ta uku na je gidansa na ɓoye makulli a gwangwanin sukari, ashe yana da na ajiya guda biyu. Na sace iskar tayarsa, ni, uwar 'ya'ya biyu, a tsugune a bayan mota ina waige-waige. Minti goma ya canza ta, ya kuma yi mini lacca a kan muhimmancin duba taya. Da ƙarya ta ƙare mini, jiya da shekaranjiya na bar shi ya ɗauke su, na bi shi a baya da motata, ina addu'a ina taka birkin da ba nasa ba. A wata mahaɗa ya wuce wata mata da ta sako ƙafa kan titi daga hagu, tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba. Ko juyowa bai yi ba.

Tsoro biyu nake ji. In na je wurin Farfesa, dole in ce na san wane ne mai lambar, ni sarauniyar sirri, in kuma ce na mai da ciwon mutum abin dariya a gaban kowa. Wannan kunya ce, zan iya haɗiye ta. Amma Baba fa? Da wane baki zan ce masa tsohon da muka yi wa dariya shi ne? Na'urarmu ba ta asibiti ba ce, ni ma ba likita ba ce. In na yi kuskure, na karya masa zuciya a banza. In kuma ban yi kuskure ba, na raba shi da abu ɗaya da ya rage yana taƙama da shi. Ina son mutumin nan, Goggo, kuma ina jin tsoron fuskar da zai yi. Litinin shida da rabi zai danna ham. Me zan yi?

Taki,
Mai Auna Idon Wasu

*

'Yata,

Na yi dariya a wurin gwangwanin sukari, na kuma daina a wurin matar da ta sako ƙafa. Ina so ke ma ki daina a nan. Kin iya zagin kanki, har ya yi daɗin karatu, amma kwana tara kina yi kuma bai hana mota fita ba.

Mu fara raba laifin. Rashin gane mahaifinki a jadawali ba laifinki ba ne, dokar lamba ta yi aikin da aka kafa ta dominsa. Madubi da ƙofar gareji kuma, kowace 'ya haka take yi, ba ta son ganin tsufan ubanta. Laifinki ɗaya ne: kin ga sakamakon da ya kauce, kika zaɓi bayanin da zai ba da dariya. Da ba Baba ba ne, da mahaifin wata ne, kuma da har yau yana kan titi ba wanda ya sani.

Saboda haka Farfesa za ki fara kira, yau, ba sai Litinin ba. Ki gaya mata yadda kika gaya mini, ki rage barkwancin. An yi dokar sirri don a kare wanda ya zo gwaji, ba wanda ya yi ta don a ɓoye masa abin da ya shafi lafiyarsa. Zan yi mamaki in ƙungiyarku ba ta da hanyar da take bi in ta ci karo da irin wannan. Ki gyara abin da kika rubuta a kansa. Sannan ki roƙi a sake duba duk waɗanda aka taɓa cirewa da irin wannan dalili. Wataƙila ta yi miki faɗa. Ki karɓa, za ki rayu.

Gaskiyarki ce cewa ke ba likita ba ce, ni ma haka. Ba mu san ko daga ido abin yake ba ko daga cikin kai, ba mu san ko yana da magani ba. Wannan rashin sanin shi ne dalilin gaggawa. Wasu abubuwan da suke taɓa gani ta gefe ɗaya ba sa son jinkiri. A kai shi wurin likita cikin kwanakin nan, ki tafi da sakamakon a hannunki. In aka ce kin yi kuskure, kin yi asarar fushin mako guda. Ki auna wannan da abin da kika gani a mahaɗa.

Yanzu Baba. Na fahimci tsoronki, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa malamin tuƙi ya sauka daga kujerarsa. Amma dabarun da kike yi sun fi gaskiya raina shi. Ranar da ya gane ke kika sace masa iska, zai ji an mai da shi yaro. Ki je gidansa ke kaɗai, ba yara. Ki fara da neman gafara, ki ce labarin da kika bayar a kan abinci nasa ne, ba ki sani ba a lokacin. Kada ki yi lacca. Ki nuna masa bidiyon hannunsa, ki yi shiru. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana hana ɗalibai hawa titi kafin su isa ya san ma'anar abin da zai gani. Ki roƙe shi makullan, duka ukun, zuwa ranar da likita zai yi magana. Hukuncin dindindin ba daga bakinki zai fito ba.

Ki kuma lura, cire 'ya'yanki daga motar bai isa ba. Titin cike yake da 'ya'yan mutane.

Abin da yake tsoron rasawa safiyarsa ce, to kada ki karɓe ta tare da makulli. Ki nemi Farfesa ta matsa miki lokacin shiga ofis. Ki riƙa biyawa ta gidansa ki ɗauke shi, ya raka jikokinsa har bakin aji kamar yadda ya saba. Zai kushe tuƙinki tun daga ƙofar gida har makaranta, ki bar shi ya yi.

Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya ɗaga wayarki. Wataƙila kuma ki tarar ya daɗe yana jin wani abu ba daidai ba, yana tsoro shi kaɗai a gidan da ba kowa. Ko wanne ne, ki zauna kusa da shi har ya gama.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya ba ki ƙarfin zuciya. Ki ajiye jaridar nan ki tafi gidansa yanzu, tun motar tana cikin gareji.

Goggonki